Baƙin Man da Muke Zubarwa a Kwata

Duk wanda ya lura da yadda neman abinci yake gudana a Dutse da ƙasashen da ke kewaye da ita, tun daga Kiyawa da Jahun har zuwa Birnin Kudu, ya san cewa a wannan zamani da wuya a sami sana'ar da ba ta rataya a wuyan inji ba, ko injin ban-ruwa ne da ke shayar da alkama da shinkafar rani a fadama, ko injin niƙa da na casa, ko babur ɗin ɗan acaɓa, ko manyan motocin da ke yada zango a Shuwarin. Kowane ɗaya daga cikinsu kuwa, in ba don baƙin man da ke gudana tsakanin ƙarafansa ba, da ba za a jima ba zai buga. Amma duk da haka, kullum hirarmu a kan tsadar fetur da dizal take ƙarewa, ba mai tambayar daga ina man juye yake zuwa, balle inda yake tafiya bayan bakanike ya kwance shi.

Abin da ke cikin galan ɗin nan da ake saye iri biyu ne aka haɗa. Kimanin kashi huɗu cikin biyar gundarin mai ne da aka tato daga ɗanyen man fetur, sauran kuma sinadarai ne da ake zubawa domin su wanke inji, su hana tsatsa da kumfa, su kuma riƙe kaurin man idan zafi ya tsananta. Kamfanonin da ke haɗa mai a ƙasar nan, irin su Ammasco da ke Kano, aikinsu ke nan na gaurayawa bisa ma'auni. Amma shi gundarin, wanda shi ne asali, a jirgin ruwa yake sauka Ikko daga ƙasashen waje, da dala ake biyansa, saboda haka duk ranar da naira ta faɗi sai manomin Miga ya ji a jikinsa, alhali bai taɓa ganin teku ba.

Ba haka al'amarin yake ba tun fil azal. Matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ya gina aka buɗe ta a 1980, an ƙara mata a 1983 da sashe na musamman mai iya sarrafa ganga 50,000 a rana, kuma a cikin matatun gwamnati ita kaɗai ce aka tanada domin fitar da gundarin man injuna. Hikimar aikin ta cancanci a tsaya a kanta. Bayan an dafa ɗanyen mai an kwashe fetur da kananzir da dizal, ragowar mai nauyi sai a kai ta wata hasumiya da aka zuƙe wa iska, domin a inda babu nauyin iska mai yakan tafasa da ɗan zafi kaɗan ba tare da ya ƙone ba, a nan ake raba shi gwargwadon kauri. Abin da ya kwanta a gindi a wanke shi da iskar furofen, kwalta ta ware gefe guda. Daga nan a haɗa man da wani sinadari mai suna furfural, wanda, abin sha'awa, daga totuwar masara da dusar hatsi ake samunsa, shi kuwa sai ya janye ɓangarorin da ke sa mai saurin lalacewa da tsinkewa a cikin zafi. Sa'an nan a sanyaya shi ƙwarai a cikin wani sinadarin, kakin da ke ciki ya daskare a tace shi, a yi kyandir da shi. A ƙarshe a bi da shi ta cikin iskar haidurojin don launinsa ya washe, ya kuma daɗe bai gurɓace ba. Masana sana'ar suna kiran abin da aka samu ta wannan hanya mai na rukuni na ɗaya.

Sai dai tun daga harsashi akwai illa, domin an tsara sashen ne a kan ɗanyen mai mai nauyi irin na Benezuwela da Kuwaiti da Saudiyya, wanda sai an sayo shi, an sauke a gaɓar teku, an turo shi ta bututu na ɗaruruwan kilomita har Kaduna. Ranar da aka fasa bututun ko kuɗin saye ya yanke, aiki ya tsaya. Haka ya yi ta tsayawa yana tashi har ya kwanta shekara da shekaru. A 2023 kamfanin NNPC ya ƙulla yarjejeniyar gyaran matatar da kamfanin Daewoo a kan kuɗi sama da dala miliyan 700, kuma haƙƙin mutanen Arewa ne su tambaya a fili ko sashen man injuna yana cikin lissafi, domin amana ce ta al'umma.

Duniya kuwa ba ta tsaya jiranmu ba. Sababbin masana'antu, maimakon su tsame gurɓataccen ɓangare su yar, sai su matse man da haidurojin a cikin matsanancin zafi da ƙarfi har ƙirarsa ta sauya, farar wutar da ke ciki ta fita, kakin ma ya koma mai. Ta haka ake samun rukuni na biyu da na uku, waɗanda Koriya ta Kudu ta shahara da su, su ne kuma motocin zamani suke buƙata. A Ƙatar ma daga iskar gas ake yin sa tun 2011. Irin wannan aiki ya fi ƙarfin aljihun kowace jiha, kuma wanda ya ce a gina shi a Dutse bai yi wa kansa adalci ba.

Abin da ke hannunmu daban ne, kuma shi ne maƙasudin wannan rubutu. Man da bakanike ya kwance daga inji, baƙi ƙirin kamar yadda yake, gundarinsa bai mutu ba. Riga ce ta yi dauɗa, ba yagewa ta yi ba. Sinadaran haɗin ne suka ƙare, ƙura da ruwa da ɓarɓashin ƙarfe da ragowar fetur suka shiga. Idan aka dafa shi ruwa ya fita, aka tace shi a hasumiyar da babu iska, aka gyara shi da haidurojin ko da sinadarin wanki, akan maido kusan kashi biyu cikin uku ya zama gundarin mai nagari. Italiya tana yin haka da kusan dukan man da take tattarawa, ta hannun wata ƙungiya da doka ta kafa tun shekarun 1980, a Afirka ta Kudu kuma masu sayar da mai da kansu suka kafa gidauniyar ROSE a 1994 domin tara shi.

Mu kuwa me muke yi da namu? Wani a shafa wa azara da katako saboda gara, wani a shafa wa dabba mai ƙazwa, wanda cutarwa ce gare ta, mafi yawa kuma a malalar a ƙasa bayan gareji, damina ta wanke shi zuwa kududdufi da rijiya, a garin Dutse da duwatsu suka riga suka sa ruwan sha ya yi wuya. Mafi muni shi ne wanda ke faɗawa hannun masu algus, su bar shi ya kwanta, su tace da tsumma, su ɗura a tsohon galan mai tambari, ko kuma su sayar da gundarin mai tsurarsa ba tare da mahaɗi ba. Mai injin ban-ruwa ya saya don araha, tsakiyar rani inji ya buga, alkama ta bushe tana ƙosawa. Wannan ha'inci ne da shari'a ta haramta, kuma irinsa ne aka ɗora wa muhtasibi binciken kasuwa dominsa. Ko man ci da najasa ta faɗa a ciki, malamanmu na Malikiyya sun yarda a kunna fitila da shi a wajen masallaci, saboda ƙin tozarta dukiya; to ina ga man da ilimi ya nuna hanyar tsarkake shi.

Na san za a ce man da Jigawa ke zubarwa bai isa ya riƙe masana'anta ba, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tarawa ita ce rabin aikin, ita ce kuma wadda ba ta buƙatar dala. Ƙungiyoyin kanikawa suna nan da shugabanninsu a kowane gari. A ajiye musu durom mai murfi, a sa farashi sananne a kan kowace lita, a hana gauraya shi da man birki ko ruwan batir, mota ta riƙa zagayawa tana kwashewa. Idan aka haɗa da na Kano, wadda tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce daga Dutse, adadin zai ishi mai jari ya yi sha'awa. Sharaɗi ɗaya nake gani wajibi, shi ne kada a yarda da tsohuwar hanyar nan ta tsarkake mai da ruwan asid da yumɓu, wadda ke da arha amma take barin dagwalo mai guba da ya fi man asali sharri, har ƙasashe da yawa suka daina ta.

Gwamnatin jiha ce ya kamata ta fara da kanta, da man motocinta da taraktocinta da janaretocin sakatariya da asibitoci, a riƙa rubuta abin da aka zuba da abin da aka kwance da inda aka kai shi. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da Kwalejin Fasaha ta jiha suna da malaman kimiyyar haɗa sinadarai. A saya musu na'urar auna kauri da ta gwada zafin da mai ke kamawa da wuta, su yi aiki tare da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON, ta yadda ɗan kasuwar Shuwarin ko ƙungiyar manoman rani za su iya kai kwalba guda a gwada musu kafin su sayi durom.