Filin Kimiyya: Ɗan Ƙari Kaɗan Kan Sauya Launi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ya san shuɗin baba. Amma ba kowa ya san cewa wannan shuɗi ɗan'uwa ne ga rinin nan mai launin shunayya wanda sarakunan Rum suka yi taƙama da shi a zamanin da ba. Shi wannan rini daga jikin dodon koɗi na teku ake samunsa.

A 1909 wani masani Bajamushe, Paul Friedländer, ya tatsi dodon koɗi 12,000, abin da ya samu bai wuce giram 1.4 ba. Da ya bincika sai ya tarar ƙirar ƙwayar rinin daidai take da ta baba, illa dai an ɗauke zarra biyu na haidurojin, an maye gurbinsu da biyu na wani sinadari wai shi buromin.

Dalili kuwa shi ne, launi yana fitowa ne daga yadda ƙwayoyin lantarki da ke cikin abu suke shan haske. Abin da aka liƙa wa ƙwayar a gefe, ko dai ya tura su ko ya janye su, sai irin hasken da take sha ya sauya.

Haka batun yake ga ƙyalli. A 1871 Adolf von Baeyer ya haɗa rinin fuloresin, mai shan shuɗin haske ya amayar da kore shar, wanda likitocin ido ke ɗigawa don gano ƙujewa. Idan aka ƙara masa zarra huɗu na buromin sai ya zama iyosin, ya koma ja, ƙyallinsa kuma ya ragu saboda nauyin buromin.

Har ila yau, a 1961 masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka haska jan hasken leza cikin dutsen ƙarau, wani sashensa ya fito da ninkin saurin kaɗawa. Daga baya aka gane ƙwayoyin da ke da mai turawa a kai ɗaya, mai ja a ɗaya kan, gwanayen wannan aiki ne. Sai dai wata daga cikinsu, naitaro-anilin, in ta daskare ƙwayoyinta kan jeru kai da ƙafa, su kashe ƙarfin juna. Da aka liƙa mata ɗan reshen mesil guda, jerin ya karkace, ƙarfin ya bayyana.

To, kada mai karatu ya ɗauka wannan zancen Turawa ne kawai. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban da aka haɗa a masana'anta, ba a yi shekara 20 ba noman baba a Indiya ya durƙushe. Sana'ar da masu ita ba su san sirrin ƙwayarta ba, wata rana a hannun wani za su saye ta. Saura ga ɗalibanmu na kimiyya.