Bindiga tana da lamba, a bi sawunta

Maƙeran Arewa sun san ƙirar hauya da gatari da bindigar mafarauta. Galibinsu ba su san ƙirar Kalashnikov ba. Amma ita ce ke hannun ɓarayin shanu da masu satar mutane a kan iyakar Nijar da Najeriya, wadda ba ta da nisa da Kore Mairuwa da Tibiri da Dogondutsi. Tun 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka gudo jahar Maraɗi saboda ita.

Galibi irin wannan bindiga an ƙera ta a masana'anta, an buga mata lamba, wata gwamnati ta ba da izinin sayar da ita. To, ta ina ta kuɓuce? Wasu sun watsu ne bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, da aka fasa rumbunan makaman Libiya. Wasu an ƙwace su daga hannun sojoji. Wasu kuma maciya amana ne suka sayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Dokar toshe wannan tsaga tana nan. A ranar 2 ga Afrilu 2013 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar cinikin makamai, ta fara aiki a Disamba 2014. Ta haramta wa ƙasa sayar da makami in ta san za a kashe farar hula da shi, ta kuma wajabta hana karkatar da shi zuwa hannun ɓatagari. Najeriya ta shiga a 2013, Nijar a 2015. Sai dai Amurka ta sa hannu ba ta tabbatar ba, Rasha kuwa ba ta shiga ba, alhali su ne manyan dillalai. Wannan abin zargi ne.

Amma zargin wasu ba ya ɗauke nauyin gida. Nijar tana da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, kuma an ƙone makamai a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Wajibi ne duk bindigar da jandarma ko duwan suka kama a rubuta lambarta, a tambayi ƙasar da ta ƙera ta wa ta sayar wa. Nijar ta fita daga CEDEAO a 2025, amma iyaka tana inda take: dole hukumomin Dosso su riƙa musayar labari da na Kabi da Sakkwato.

Manomin Dallol Mawri bai sayi bindiga ba, bai ci ribarta ba. Bai kamata a bar shi yana biyan kuɗinta da shanunsa da ransa ba.