Afirka ta Kudu: Yaƙi da baƙin itatuwa masu shanye ruwan Cape Town

Tun bayan farin da ya kusa ƙafar da famfunan birnin Cape Town a shekarar 2018, lokacin da aka ƙayyade wa kowane mutum lita 50 ta ruwa a rana, hankalin hukumomi ya ƙara karkata ga baƙin itatuwan da suka mamaye tsaunukan da ke shayar da madatsun ruwan birnin.

Wani bincike da ƙungiyar kare muhalli ta The Nature Conservancy ta fitar a shekarar ya ƙiyasta cewa itatuwan na shanye kimanin lita biliyan 55 a kowace shekara, kwatankwacin ruwan da birnin ke amfani da shi cikin wata biyu.

Turawa ne dai suka shigo da itatuwan domin samun katako, da jimar fata, da kuma tsayar da rairayi. Cikinsu har da wasu dangin bagaruwa daga Ostireliya, waɗanda suka bazu a gaɓar koguna.

Tun a 1995 ministan ruwa na gwamnatin Nelson Mandela, Kader Asmal, ya ƙaddamar da shirin Working for Water, wanda ke ɗaukar marasa aikin yi domin kawar da su.

Sara da shafa magani

Sara kaɗai ba ya kashe yawancin dangin bagaruwar, domin kututturen kan sake toho da rassa masu yawa.

Don haka da zarar an kayar da itace, sai a shafa maganin kashe tsirrai, irin su triclopyr ko glyphosate, a kan ɗanyen kututturen nan take, kafin ya bushe, domin ya gangara zuwa saiwa.

Akan gauraya maganin da rini, ta yadda za a gane kututturen da aka shafa wa.

Amfanin wannan dabara shi ne ba a yin feshin kan mai uwa da wabi. Tsirran asali na yankin, waɗanda da yawansu babu irinsu a ko'ina a duniya, sukan tsira, kuma maganin da ke zuba cikin ruwa kan ragu.

Sai dai akwai damuwa game da lafiyar ma'aikata, musamman tun 2015, lokacin da cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai yiwuwa glyphosate na haddasa cutar.

Irin da ke kwance a ƙasa

Babbar matsalar ita ce maganin ba ya taɓa irin da itatuwan suka zubar, wanda kan yi shekaru gommai a ƙasa da ransa.

Da wutar daji ta ratsa wurin, sai dubban tsirrai su fito a inda aka share.

Shi ya sa masana kimiyyar ƙasar suka shigo da wasu ƙwari daga Ostireliya masu cinye irin tun yana kan itace. To amma masu gandun itatuwan, da ke sayar da katako da ɓawo, sun daɗe suna adawa da duk wani ƙwaro da zai kashe itacen kansa.

Ke nan nasarar aikin ta dogara ne ga komawa wurin da aka share shekara bayan shekara. Duk inda kuɗi suka yanke kafin a koma, itatuwan kan dawo, a yi asarar magani da wahalar da aka sha.