Randa Tana Kusurwar Aji, Malam Yana Bakin Allo

A hutun da ya wuce na raka ƙanena makarantarsu, wata firamare a garinmu, na tsaya bakin taga ina sauraron darasin kimiyya na 'yan aji biyar. Malam ya rubuta a allo, da Turanci, ma'anar yadda ruwa ke zama tururi, yara suna ta maimaitawa kamar masu biya hadda. Alhali kuwa ga randa can a kusurwar aji, jikinta yana naso, ruwanta da sanyi ƙalau duk da zafin bazara. Ba wanda ya waiwaye ta. Da aka tashi na tambayi ƙanena abin da ke sanyaya ruwan randa, sai ya ce ai ba a zo nan ba tukuna.

Ni dai, 'yan'uwa ɗalibai, ban ga laifin malamin nan ba. Yadda aka koya masa haka yake koyarwa. Tun 1976, da aka buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, muke fafe gora ranar tafiya. Yara suka zo fiye da lissafin gwamnati, aka shiga horon malamai cikin gaggawa, a shekarar kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna. Daga baya aka ce takardar NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. A gyaran manhaja na 2012 aka haɗe kimiyya da fasaha da ilmin kwamfuta da na motsa jiki suka zama darasi guda. Madalla. Amma wanda aka ɗora wa wannan kaya an koya masa kowane fanni ne daban, daga littafi zuwa takardar jarrabawa. Ta yaya zai ɗinke abin da bai taɓa gani a ɗinke ba?

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malamanta jarrabawar 'yan aji huɗu, aka ce 21,780 daga cikin wajen 33,000 sun fāɗi. Ƙasa ta ɗauki surutu. Kaɗan ne suka tambayi kwalejojin da suka ba su takardun shaida.

Mu koma ga randar nan. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta, in iska ta busar da shi, yakan tafi da zafi. Da wannan ilmi Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyukan Jigawa: a sa ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, sai kayan miya su yi kwanaki ba su lalace ba. Har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. To, a ce malami ya ba yara tukwane biyu da ma'aunin zafi. Su auna kowace sa'a su rubuta, ga lissafi. Su gwada a rana da inuwa, su nemi dalilin da ya sa abin ya fi aiki da rani bisa ga damina, ga kimiyya. Su rage yashi ko su ƙara, su sāke girman tukunya har su dace, wannan kuwa shi ne aikin injiniya, ko da ba a kira sunansa ba. Jigon masu lambu da zugazugin maƙeri duk haka suke jiran mai tambaya.

Za a ce babu kuɗin gina ɗakin gwaje-gwaje. Gaskiya ne, amma nawa ne kuɗin tukunya? Abin da ya yi ƙaranci shi ne malamin da ya taɓa yin gwajin da hannunsa, ya kāsa, ya sāke. Saboda haka ra'ayina, kada a ba ɗalibin kwalejin horon malamai takardar shaida sai ya ƙera wani abu da kayan garinsu, ya kuma koyar da shi gaban yara lokacin koyarwar gwaji, mai jarrabawa yana kallo.

Ku kuma da kuka riga mu kama aiki a ma'aikatun ilmi, in an tura ku duba makarantu, kada ku tsaya ga littafin shirin darasi kurum. Ku kira yaro ɗaya ku tambaye shi abin da ya auna da hannunsa a makon nan.