Mu san ƙwarin da ke cikin ruwanmu

Akwai wani ƙwaro da masana ke kira ƙudan dutse. Ɗansa yana zama ƙarƙashin duwatsu, cikin ruwa mai gudu, mai sanyi. Jikinsa shimfiɗaɗɗe ne, yana da wutsiya 2 kamar zare. Da zarar ruwan ya gurɓace, sai ya mutu. Shi ya sa in masana sun ɗaga dutse sun gan shi, sukan ce ruwan nan da lafiyarsa. Wasu irinsa ba su da yawa: a Amurka, a 2019, gwamnati ta sa iri 2 ƙarƙashin kariyar doka, don ba sa rayuwa sai a idon ruwa da ƙoramu masu tsananin sanyi na kan tsaunuka.

Mu nan Garagumsa ba mu da irin wannan ƙorama. Tabki gare mu, wanda damina ke cikawa, rani ya ƙafar da shi. Amma tabki ma yana da nasa ƙwari, kuma a ganinmu rashin saninsu ya daɗe yana cutarmu.

Mu tuna kurkunu. Shekara da shekaru iyayenmu suna ɗora laifinsa kan sammu, alhali wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne cikin ruwan tabki ke ɗauke da ƙwayar cutar. A 1991 an ƙidaya masu kurkunu fiye da dubu 30 a Nijar, kuma ƙasar Mirya tana cikin wuraren da ya fi ƙamari. Manomi yakan kwanta ana tsakar noma, gero ya mutu cikin ciyawa. Da aka san ƙwaron, ƙyallen tace ruwa ya zama makami. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da kurkunu.

Saura tsargiya. Ƙaramar katantanwa ce ke goyon cutar, tana maƙale jikin ciyawar bakin tabki inda yaranmu ke wanka. Har yau wasu na cewa fitsarin jini alamar balaga ce. Ba haka ba ne, cuta ce, kuma tana da magani a likita.

Muna roƙon malaman yaƙi da jahilci: bana in tabki ya cika, ku je bakinsa da ɗalibanku. Ku duba ciyawa da ƙarƙashin itace. Kowa ya rubuta abin da ya gani, da sunan tabkin, da watan. Takardar a kai wa ma'aikacin lafiya na garinku.