Hoton Gida A Waya: Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

Duk mai riƙe da babbar waya a cikinmu ya ga irin tallan nan da ke yawo a WhatsApp da Facebook da TikTok: gidaje reras da jan rufi, titi shimfiɗe da kwalta, fitilu a jere, ciyawa kore shar, a ƙasa an rubuta a biya kafin alƙalami a riƙa cikawa wata-wata. Haka ake tallan rumfunan sababbin kasuwanni da ba a ko haƙa harsashinsu ba. Abin da wasunmu ba su sani ba shi ne, a yau ba sai an gina gida ake samun hotonsa ba.

Tun daga shekarar 2022, lokacin da manhajoji irin su Midjourney da DALL-E suka shiga hannun jama'a, fasahar ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, ta sa kowa na iya rubuta abin da yake so da baki, cikin minti guda kwamfuta ta fito masa da hoto kamar an ɗauka da kyamara. Dillali zai iya ɗaukar hoton kango, ya ce a shafa masa fenti, a toshe tsagar bango, a ɗauke bolar da ke ƙofa, a zuba kujeru a falo. A da sai babban kamfani ke iya biyan mai zane ya yi wannan aiki. Yanzu kuɗin data kawai ake bukata.

Kada a ɗauka mu kaɗai ake iya ruɗa. A watan Fabrairun 2024, a birnin Glasgow na Birtaniya, iyaye sun sayi tikiti har na fam 35 domin kai yaransu wani bikin alewa da aka tallata da irin waɗannan hotuna. Da suka isa sai suka tarar da wani sito kusan fayau, har sai da aka kira 'yan sanda. Su asararsu ta tsaya a kuɗin tikiti. Mai sayen fili kuwa, sau da yawa adashin shekara da shekaru ne yake zubawa, ko kuɗin gado, ko jarin da ya cire daga rumfa.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne mai saye daga nesa. Mu ɗauki mutumin Fachi, garin gishiri da dabino da ke tsakiyar hamadar Tenere a jihar Agadez, wanda yake son ya mallaki fili a Agadez ko Damagaram ko Kano saboda karatun 'ya'yansa. Zuwa ya gani da ido tafiya ce mai nisa da tsada, don haka hoton da aka turo masa ne zai dogara da shi. Haka 'yan uwanmu da ke Kumasi da Abidjan da Jidda, masu turo kuɗi gida a saya musu. Abin mamaki, mutumin da ba zai karɓi kantun gishiri daga ayari ba sai ya ɗaga ya juya ya duba, shi ne zai tura miliyoyi a kan hoto.

Mu 'yan kasuwa mun san wannan dabara tun kafin zuwan waya. Ita ce ta jera manyan tumatir a bakin kwando a ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, kuma sunanta algus. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin sayar da abin da ba ya gaban mai saye. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an halatta irin wannan ciniki bisa siffantawa, har an yarda a biya kuɗin gida ko fili tun kafin a gani, saboda ba abubuwa ba ne da ke saurin canzawa. To amma sharaɗin shi ne siffar ta zama gaskiya, idan aka tarar da saɓaninta mai saye yana da damar fasawa. Hoto siffantawa ne. Wanda ya tura hoton da na'ura ta ƙawata bai faɗa ba, ya yi ƙarya a siffa.

Ba muna cewa fasahar kanta laifi ba ce. Magina sun daɗe suna nuna zanen yadda gini zai kasance, kuma ƙaramin dillali ma yana da haƙƙin ya gyara tallarsa. Abin da ake nema shi ne a faɗa. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, cewa duk dillalin gidaje da ya sa hoton da aka sauya to ya rubuta hakan a fili, ya kuma nuna inda za a ga hoton asali. A Najeriya dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiki da ita, ta hana talla mai yaudara, ga kuma hukumar ARCON da dokar 2022 ta ɗora wa kula da tallace-tallace. Abin tambaya a nan shi ne, wa zai bi sawun tallan da ake turawa daga waya zuwa waya? A namu ra'ayin, ƙungiyoyin dillalai da shugabannin kasuwanni sun fi kusa. Su sa wa 'ya'yansu ƙa'ida: kowane zane a rubuta masa zane ne, a haɗa shi da hoton wurin yadda yake a ranar.

Ko da hoton na gaskiya ne, akwai abubuwa biyu da ba ya nunawa. Na farko damina. Mutanen Agadez ba su manta da ambaliyar watan Satumban 2009 ba, lokacin da ruwa ya rusa gidaje masu yawa a garin. Filin da ya yi kyau da rani yana iya zama hanyar ruwa. Na biyu takarda. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Yunin 2023 gwamnatin Kano ta rushe shagunan Filin Idi, waɗanda ginannu ne kowa yana ganinsu. Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Idan ginin da ake taɓawa da hannu ya iya salwanta saboda rigimar asalin filin, ina ga wanda yake cikin waya kawai?

Wasu na ba da shawarar a duba inuwa ko rubutun da ya cakuɗe a jikin hoto domin gane na na'ura. Wannan ya yi amfani a farko, amma sababbin manhajoji sun gyara yawancin kurakuran, har bidiyo mai sauti suna haɗawa. Don haka mu koma ga abin da muka sani, gani ya kori ji. Wanda ba zai iya zuwa ba ya wakilta ɗan uwa amintacce wanda ba shi da la'ada a cinikin, ya taka filin, ya tambayi maƙwabta da mai unguwa. A Kano a kai lambar takarda ofishin KANGIS a bincika, a tambayi KNUPDA ko ta amince da tsarin unguwar. A Nijar a je ma'aikatar magajin gari da hukumar kula da filaye ta yankin. A rubuta a yarjejeniya, gaban shaidu, abin da aka yi alkawari na titi da ruwa da wuta, da ranar miƙawa, da yadda za a mayar da kuɗi idan aka saɓa.

Dillalin da ya ce sai an biya yau domin saura fili biyu, ya kuma ƙi a je a gani, ya riga ya gaya mana abin da muke bukatar sani. Kuɗin mota zuwa ganin fili bai kai asarar jari ba. Allah Ya tsare mana guminmu.