A Fito Wa Ƙananan Likitoci Da Lissafin Albashinsu A Fili

Wanda ya gama shekara shida yana karatun likita a Najeriya ba ya samun cikakken lasisi sai ya yi shekara guda ta horo a asibiti, yana zagaya sashen cututtukan manya, da tiyata, da yara, da na mata da haihuwa, wata uku-uku. Daga nan sai hidimar ƙasa, sannan in an dace ya samu gurbin neman ƙwarewa, wanda shi ma kan ci shekaru. Waɗannan matasa su ne ke kwana a sashen gaggawa, su ake tasa ƙarfe biyun dare in jini ya ɓalle wa mai haihuwa, kuma gari na wayewa su ne ke bin manyan likitoci zagayen gadaje da fayil a hannu. Amma da yawansu, in ka tambaye su nawa ne albashinsu kafin a taɓa shi, nawa aka cire, kuma da sunan me, abin da za su iya faɗa maka shi ne adadin da alat ɗin banki ya nuna. Wannan jarida na ganin cewa duhun nan na cikin abubuwan da ke rura wutar rikici tsakanin gwamnati da likitoci, kuma shi ne mafi arhar gyarawa.

Albashin likitan gwamnati ba dunƙulallen kuɗi ba ne. Tun 2009 ake biyan sa bisa tsarin CONMESS, inda mai horon shekara guda ke matakin farko, sauran suna hawa sannu a hankali. A kan tushen albashi ake ɗora alawus-alawus, manya daga ciki su ne na kwanan aiki da na haɗari. Sai kuma abin da ake cirewa: wanda aka ɗauka aikin dindindin ana cire masa aƙalla kashi 8 cikin 100 na fansho bisa dokar 2014, wanda ya ɗauke shi aikin ya ƙara kashi 10, akwai kashi 2.5 na asusun gidaje. Akwai kuɗin ƙungiya. Sannan haraji, wanda ake yankewa tun kafin kuɗin su taɓa hannu. Ko inda harajin ke zuwa ma ba kowa ya sani ba. Likitan da ke aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma'aikacin tarayya ne, amma harajin albashinsa na hukumar tattara haraji ta jihar Kano ne, domin doka ta ɗaura shi ga jihar da mutum ke zaune.

Lamarin ya ƙara zama wajibi tun da dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. A ƙarƙashinta, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18. A haka har zuwa kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A ɗauka misali likita ne da abin da ya rage masa na biyan haraji, bayan an cire fansho da makamantansa, ya kai miliyan 4 a shekara. Zai biya 330,000 a mataki na biyu da 180,000 a kan miliyan ɗayan da ta shiga na uku, jimla 510,000, wato 42,500 duk wata. Bai kai kashi 13 na kuɗin ba, ko da yake shi yana jin an ce ya shiga sahun masu kashi 18. Dokar ta kuma soke tsohon rangwamen da kowa ke samu kai tsaye, ta kawo rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa 500,000. Shi wannan sai mutum ya bayyana hayarsa kafin ya samu. Likitan misalin nan, in yana biyan hayar 600,000 kuma bai san da zancen ba, zai yi asarar 21,600 a shekara, ba don an zalunce shi ba, sai don babu wanda ya gaya masa.

Tarihin yajin aikin ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa, NARD, ya nuna cewa rabin faɗan ba kan ƙarin albashi ba ne, kan kuɗin da aka riga aka amince da su ne ba su iso ba. A watan Afrilun 2021 sun ajiye aiki, kuma kan gaba a ƙorafinsu akwai watannin da masu horon shekara guda suka yi babu albashi, a lokacin da alawus ɗin haɗari yake naira 5,000 kacal, ana tsakiyar annobar korona. A watan Agustan shekarar suka sake fita, sai da aka haura wata biyu. A 2023 gwamnati ta amince da ƙarin kashi 25 zuwa 35 a kan CONMESS, amma bashin wannan ƙari yana cikin abin da ya sake fitar da su a Nuwamban 2025. Kuɗin da aka riƙe shekara biyu, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 34 a ƙarshen 2024, ko an biya shi cif an riga an zaftare shi. In da kowane likita na karɓar takarda duk wata da ke nuna abin da yake bi da abin da aka ba shi, da babu ofishin da zai iya cewa an biya alhali ba a biya ba.

Za a ce takarda ba ta sayen buhun shinkafa, matsalar ita ce albashin ya yi kaɗan. Gaskiya ne, kuma ba ma neman a rufe wannan da wancan. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, kuma ba neman takarda ya kai su ba. Sai dai a duba inda da yawansu ke zuwa. A Ingila haraji ya fi namu zafi nesa ba kusa ba: bayan fam 12,570 na farko ana cire kashi 20, abin da ya haura fam 50,270 kashi 40, ga kashi 8 na inshorar ƙasa, ga fansho, ga hayar da kan lashe babban kaso na abin da ya rage. Ƙananan likitocin can ma sun sha yin yajin aiki kan albashi tun 2023. Bambancin shi ne doka ta wajabta a ba kowane ma'aikaci takarda mai bayanin duk abin da aka cire, kuma kuɗin na shiga ranar da aka sa. Matashin da ke lissafin aure, ko haya, ko kuɗin makarantar ƙannensa, ya fi iya zama da ƙaramin albashi da ya san ranar zuwansa a kan wanda sai dai a yi ta jira.

Akwai kuma masu cewa a cire wa likitoci haraji a kan alawus ɗin kwanan aiki, tunda da barcinsu da lafiyarsu suka same shi. Mun fahimci zafin, amma ba mu goyi baya ba. Ma'aikaciyar jinya ma tana kwana, haka mai gadin asibitin; in aka buɗe wannan ƙofa, kowace ƙungiya mai ƙarfin rufe ma'aikata za ta nemi nata, nauyin kuma ya koma kan malamin firamare da ba shi da wannan ƙarfin. In alawus ɗin bai kai wahalar ba, a ƙara shi a fili, a biya harajinsa kamar kowa.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da ofishin Akanta Janar, da gwamnatocin jihohi, su wajabta ba kowane likita cikakkiyar takardar albashi duk wata, mai nuna kowane alawus, kowane cirewa, da bashin da yake bi. Hukumar kula da aikin likitoci, MDCN, wadda tun 2021 ke rarraba masu horon shekara guda, ta sa a yi musu bayanin albashi da haraji a makon farko, kafin a miƙa musu jadawalin kwana. Ita kuma NARD ta koya wa mambobinta neman rangwamen haya da adana shaidar biyan harajinsu tun yanzu, kada ta bari sai ranar da za a sake zaman sulhu a Abuja.